Barira da Uwar da Ba Ta Kallonta

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta kuma ya san inda ya ajiye sauƙinta.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan wata mata ce daga Bande, da ta zo sayen man gyaɗa gidana kwanan baya riƙe da hannun ɗanta. Yaron yana ƙifta ido yana fizgar wuya, a ƙeyarsa kuma ga tabon ƙuna, an ɗora masa ƙarfe mai zafi wai don a kori abin. Na tsayar da awo, na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta labarin Barira har gyaɗata ta kusa ƙonewa a kasko. Da ta tafi na ce wa kaina, Ramu, bakin nan naki da duk Magaria ta shaida ba ya gajiya, ai gara ya yi amfani ko sau ɗaya ne.

Barira ƴar ƙanena Ilu ce, manomi a wani ƙauye gefen Dogo-Dogo, inda aka haife mu. Ita ce ƴar farinsu shi da matarsa Zuwera. Ranar da aka yaye ta aka kawo mini ita riƙo, don ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Zuwera kuwa tana da kunyar ƴar fari irin ta mutanen da, wadda matan yanzu suka fara ajiyewa. Ba ta faɗin sunanta, sai dai "yarinyar nan" ko "ta wajen Yaya". Ba ta jan ta a jiki, ba ta kallonta. In mun je hutu Barira ta durƙusa ta gaishe ta, sai ta amsa tana duban ƙwaryar da ke hannunta. Ita ma Barira ba ta ce mata Inna, "Innar Sale" take ce mata, da sunan ƙanenta. Ni a raina ina cewa kunya dai kunya ce, amma wannan mata ta zarce, zuciyarta dutse ce. Na sha faɗa wa maigidana haka.

Tana da shekara tara abin ya fara. An gama kaka an koma lakwal, wato makarantar boko, sai na lura tana ƙifta ido da ƙarfi. Gidana gidan hayaƙi ne, kullum ana suya, don haka na ɗora laifin a kan sana'ata. Na kai ta wurin majo, malamin asibitinmu, ya duba, ya rubuta maganin ɗigawa, muka yi ta ɗigawa har kwalbar ta ƙare. Bayan ƴan makonni ƙiftawar ta ragu, na yi hamdala har da sadakar ƙuli-ƙuli. Ashe ƙaura abin ya yi. Ya koma hanci, tana jan iska kamar mai mura. Daga nan ya sauka wuya, ta riƙa fizgar kai gefen hagu, har da yamma ta ce kanta na ciwo. Kafin sanyi ya wuce sai ga wata ƴar ƙara daga maƙogwaro, "hik", kamar shaƙuwa amma ba shaƙuwa ba.

Masu magani kuwa Allah ya yi yawa da su. Wadda ta zo sayen man dala ashirin sai ta bar mini shawarar jaka guda. Wata ta ce tsutsar ciki ce. Wata ta ce ta bi ta ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana. Dangin maigidana na Kano suka aiko da wani mai a ƴar kwalba, a shafa a goshi. An sha rubutu, an yi turare har tufafinmu suka riƙe ƙamshin. Ban raina ko ɗaya ba, kowa da kyakkyawar niyya ya zo. Nawa maganin kuwa baki ne da ido. Daga asuba har isha: "Ke, daina! Ina ganinki fa!" In tana cin tuwo idona na kanta, in tana shara idona na kanta. A wurina wannan ita ce jinya.

Abin da ya rikita mu shi ne, ciwon yana da wuraren da ba ya zuwa. In ta tayar da salla, shiru har ta sallame. In ta durƙusa tana gaida maigidana, sai ka ce dasa ta aka yi. In na ɗora mata faranti da kwalaben mai ta kai wa mai ƙosai a bakin tasha, ko ɗigo ba ya zuba. Masu cewa aljani ne suka ce, kun gani, yana tsoron karatu. Masu cewa sangarta ce suka ce, kun gani, ta san wanda take yi wa. Mushen ajinsu, wato malaminsu, yana cikin na biyun, ya ɗauka kwaikwayonsa take yi, ya mayar da ita bencin baya. Yarinyar da kullum hannunta ke sama a aji ta koma ba a jin muryarta. Wata rana bayan la'asar na same ta a bayan madafa, kusa da tarin ɓawon gyaɗa, tana fizgar kai ba ƙaƙƙautawa, zufa na keto mata. Ta gan ni ta daskare. Ban gane komai ba, na dai ji tausayinta, na koma ciki ban gaya wa kowa ba.

Labari ya kai ƙauye. Ranar kasuwa sai ga Ilu bisa moto, babur ɗin nan nasa. Barira ta zo ta durƙusa, ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa cike da kwano bai ko motsa ba. Ya bi ta da ido ya ce, "Yaya, ina ciwon?" Bai rufe baki ba sai muka jiyo "hik, hik" daga bayan zana.

Ya ajiye kwanon. "Yaya, ba raini ba, amma kin sangarta yarinyar nan. Ko kuwa lakwal ɗin ce ba ta karɓe ta ba. Baba ya ce in ruwan shuka ya sauka ba ta daina ba, a maido ta gida. Ta shiga cikin ƴan uwanta, ta riƙe hauya, abin zai bar ta."

Na ce, "Ilu, ni na goye ka fa. A bayan nan nawa ka yi fitsari."

"Na sani, Yaya. Ba maganata ba ce, ta Baba ce."

A raina na ce maganar Baba ce a baki, Zuwera ce ta hura wutar. Wace uwa za ta ji ƴarta na ciwo a hannun wata ta zauna? Kuma na san in aka ɗauke Barira karatunta ya ƙare, don gidanmu na ƙauye nesa yake da lakwal, babu mai kai ta. Ni kuma tsakar gidana ta koma wurin shanya gyaɗa kawai.

Na sayar da akuyoyina biyu, muka shiga motar haya sai Damagaram. Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu. A gidan likitan da muka je, wannan taga ta karɓar kuɗi ce, waccan ta buga hatimi, wata kuma ban san aikinta ba har yau, amma na bi layinta. Wani matashin likita ya gan mu bayan azahar. Da ya ji maganar fizgar wuya da ciwon kai, ya ce a yi mata hoton cikin kai, wanda suke kira sikana, aka ba mu rana bayan mako biyu. Muka koma gida muka jira, ina ta duban gabas ko hadari zai riga mu.

Ranar hoton Ilu ya ce sai ya gani da idonsa. Sai ga shi tare da Zuwera, da jariri a bayanta, wai kunnen jaririn ne ke ciwo za ta nuna wa likita. Na leƙa kunnen, lafiyarsa lau, ya fi nawa tsabta.

Mai kula da injin wani dogon saurayi ne. Ya ce wanda za a ɗauka dole ya kwanta ko motsi babu, in ya motsa hoton ya lalace. Ya dubi Barira tana fizgar kai, ya girgiza nasa kan. Ya ce sai dai a yi mata allurar barci, wannan kuwa wata rana ce daban da wani kuɗi daban. Ni kuwa akuya ta uku babu ita. Sai na ji an ja gefen zanena.

"Goggo, ce mishi zan iya."

Saurayin ya ji. Ya sunkuyo ya ce, "Ƙanwata, ko kaɗan fa ba a motsi."

Ta ce, "A gwada ni."

Suka rataya mini wata riga mai nauyin tsiya, suka bar ni na tsaya a gefe. Aka kwantar da ita a kan siririn gado, gadon ya zame da kanta cikin wani zagayayyen baki kamar bakin rijiya. Ni ƙafafunta kawai nake gani. Ƴan yatsun sun dunƙule, jijiyar idon sawu ta fito. Injin yana gurnani, ina karanta duk addu'ar da na iya, har da wadda ba ta wurin ba. Yarinyar nan da ba ta iya kai loma uku baki ba tare da kai ya fizge ba, ba ta motsa ba. Saurayin ya fito yana dariya ya ce, "Hajiya, manya ma sai in sake musu. Wannan sau ɗaya na ɗauka."

Muna fitowa baranda abin ya ɓalle. Kai, kafaɗa, ido, da ƙarar nan a jere, ban taɓa ganinsa da ƙarfi haka ba. Masu jiran layi suka juyo. Wata ta janye ɗanta, wata ta yi a'uziyya da ƙarfi don mu ji. Ilu ya miƙe, kunya ta koma masa fushi.

"Kin gani ko, Yaya? A ciki ta kwanta kamar gawa, a nan ta fito tana mana wasa gaban jama'a! Ke, daina!"

Zuwera tun safe ba ta ce uffan ba. Sai ta tashi, ta warware mayafinta, ta ware shi da hannu biyu tsakanin Barira da mutane. Ta ba yarinyar baya, fuskarta na wajen jama'a, sai ka ce mayafin take shanyawa. Haka ta tsaya, da goyo a bayanta, har hannuwanta suka fara rawa. A bayan mayafin ƙarar ta yi ta yi, ta ragu, ta koma jefi-jefi. Sannan Zuwera ta yafa abinta ta koma ta zauna, ba ta waiwaya ba.

Likitar da ta karanta hoton wata ƴar gajeruwar mata ce mai tabarau, Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Ta ɗaga hoton a haske ta ce kan yarinyarmu lafiya lau, babu ƙari, babu tabo. Ta yi wa Barira tambayoyi, ta kalle ta na ɗan lokaci, ta ce sunan abin "tik", kuma yara da yawa suna yinsa. Wannan kalmar ce kaɗai na riƙe daga bakin likitoci. Ta ƙara da cewa da wurinta muka fara zuwa da ba ta sa mu hoton ba, don da ido da tambaya ake gane shi. Na tuna akuyoyina. Har yau in na ga jar akuya mai farin goshi a kasuwa sai raina ya sosu.

Ilu ya gyara zama ya ce, "To Madam, in kan lafiya lau ne, da gangan take yi kenan."

Ta ce, "Malam, buɗe idonka. Kada ka ƙifta sai na ce."

Ya zaro ido kamar mai gardama da rana. Ta ci gaba da rubutunta. Ba a jima ba hawaye suka cika masa ido, ya yi ta maza, ya yi ta maza, sai ga shi yana ƙiftawa a jere kamar wanda barkono ya faɗa wa.

Ta ɗago ta ce, "Da gangan ka yi?"

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Ta ce haka Barira take ji, sai dai nata ba ya ƙarewa. Tana iya riƙewa, amma taruwa yake yi, dole ya fita. Ta ɗauko wayarta ta nuna mana wasu hotunan ƙwaƙwalwa masu launi, ta ce na wani irin inji ne dabam, mai nuna wurin da ke aiki a cikin kai. Ta ɗora yatsa a goshin Barira. "Nan, bayan goshi, akwai wurin da ke taka wa jiki birki. Masu bincike sun ga cewa a yara irinta, wurin nan yana aiki fiye da na sauran yara, kuma yau da gobe yana saba wa aikin, kamar hannun mai daka. Ana jin yana cikin abin da ke sa da yawansu su samu sauƙi in sun girma. Hotonku bai nuna wannan ba, injinmu ba ya ganinsa. Amma an gaya mini yadda ta kwanta ɗazu."

Na dubi Barira, ƴar siririya, ƙafarta ko ƙasa ba ta kai daga kan kujera. Duk sallar nan, duk gaisuwar nan, duk farantin man nan, ashe aiki take yi, aikin da ya sa ƙaton namiji hawaye cikin ɗan lokaci. Kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Wallahi a ranar na ji girman yarinyar nan ya cika mini ido.

Likitar ta ce ba za ta rubuta magani ba tukuna, in ya tsananta ko yana ji mata ciwo mu dawo. Ta ce kallo da "daina" ƙara mata kaya suke yi, abin da take bukata shi ne wurin da za ta saki jikinta. Ta juya ta tambaye ta, "Ƴata, a wurin wa kika fi hutawa?"

Na gyara ɗaurin ɗankwalina, na shirya karɓar yabo. Barira ta dube ni, ta dubi ƙasa.

"Wurin Innar Sale."

"Don me?"

"Ita ba ta kallona."

Ta yi nuni da haɓa, likitar ta bi da ido ta ga Zuwera a kusurwa, ta ce, "To ai ga maganinku nan zaune." Ilu ya buga cinya ya ce, "Alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Likita ma ta faɗa." Da me zan yi gardama? Yarinyar da kanta ta faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ba ta gefena.

A tasha muka zauna ƙarƙashin rumfa muna jiran motar Magaria ta cika. Barira ta kwanta a kan ƙunshin kaya, gajiya ta sa barci ya ɗauke ta. Ina lissafin tufafinta da zan haɗa mata a raina. Sai Zuwera ta yi gyaran murya, tana zane a ƙasa da tsinke.

"Baban Sale, ina da magana. Kun san ba na sa baki a kan yarinyar nan. Yau ɗaya zan sa, ku yi mini haƙuri."

Ilu ya dube ta kamar bango ne ya yi magana.

"A gida ni kaɗai ce ba na kallonta. Baba zai kalle ta, Inna za ta kalle ta, da matan ƙannenka, da yara, da masu zuwa rijiya. Kowa sai ta durƙusa mishi, kowa sai ta riƙe. Yaushe za ta huta? Gidan Yaya mutum biyu ne. Mutum biyu za su iya koyo." Ta ƙara da cewa, "Kuma tana son lakwal ɗinta. In ta zo hutu tana tara awaki tana musu karatu, ina jinta."

Ilu ya ce, "Ke ba ki son ƴarki kusa da ke?"

Tsinken ya karye a hannunta.

"Wa ya ce maka?" in ji ta. "Ni na san yadda riƙewa take. Kada a ƙara mata."

Matar da na ce ita ta hura wutar, ga ta an miƙo mata ƴarta da hannu biyu, da shaidar likita, ta mayar. Can Ilu ya ce a hankali, "To Baba fa?" Ta ce, "Ka yi mishi abin idon nan da aka yi maka." Daga baya na ji ya yi masa, kuma Baba bai kai Ilu jurewa ba.

Zuwera ta biyo mu Magaria ta zauna har saukar ruwa, wai tana taya ni aikin mai. Wata rana muna murza gyaɗa na ce, "Zuwera, yaya kike yi? Ni in ban kalle ta ba ji nake kamar na yar da ita."

Ta ce, "Ki ba ta baya, Yaya, ki sa hannunki aiki. Kunne ya isa. Ni daga takunta nake sanin ta ci abinci ko ba ta ci ba."

Faɗa da sauƙi. Na ciji harshena ya fi a ƙirga. "Daina" ta taso mini har maƙogwaro in haɗiye, in ji kamar zan fashe. Maigidana ya samu abin tsokana, ya ce, "Ramu, ashe ke ma kina da tik ɗin, naki a baki yake." Muka bar wa Barira bayan madafa ya zama wurinta, in ta shiga babu mai bi, babu mai tambaya. Na je na sami mushe na yi masa bayani. Mutumin kirki ne, ya saurara, ya maido ta gaba, ya ce duk lokacin da ta ji ya taru ta fita ba sai ta nemi izini ba.

Ba zan ce muku ta warke ba, don ba na son ƙarya. Yanzu tana kolej. Abin yana zuwa in jarrabawa ta gabato ko in ranta ya ɓaci, ya yi kwanakinsa ya tafi, wani lokaci a yi watanni ba a gan shi ba. Ku da kuke da yaro irin wannan, don Allah kada ku ƙona shi, kada ku doke shi. Shirun da yake yi a gabanku ƙoƙari ne. Ku kai shi likita, kuma ku tambaya ko hoton dole ne kafin ku sayar da dabba.

Ranar da Zuwera za ta koma, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, Ilu ya zo ɗaukarta da moto don shuka ba ta jira. Barira ta durƙusa ta yi mata sai wata rana. Ta amsa tana gyara wa jariri hula. Ta hau, ba ta waiwayo ba. Muka tsaya a ƙofar gida, ni ina duban kwata don kada in dubi yarinyar. Moton ya fara tafiya, sai ƴar ƙarar nan ta fito wa Barira, ƙarama, sau ɗaya. Na ɗago na ga hannun Zuwera ya tashi, ya janye mayafi daga kan kunnenta.

Barira ta riƙe gefen zanena ta ce, "Goggo, tana jina."